CPU biyu a fanel, babu ko ɗaya a sito: muhawarar injiniyoyi mazauna Legas kan ajiye safaya

Auwalu (Ikorodu): Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata kan tsofaffin na'urorin sarrafa injinan masana'anta ne masu CPU biyu (CPU ita ce katin da ke gudanar da shirin na'urar), irin S7-400H na Siemens da ControlLogix na Rockwell mai rak biyu (rak shi ne mazaunin da ake jera katunan). In za a rubuta wa shugabannin kamfani jerin safayar da ya kamata a ajiye, me za a fara sawa, kuma guda nawa? Hujjar masu riƙe da kuɗi kullum ɗaya ce: an riga an sayi komai bibbiyu, na uku na mene ne?

Injiniya Rabi'u (Ikeja): Wa alaikumus salam. Ka amsa musu da lissafi, shi suka fi ji. CPU ta biyu ba ta hana lalacewa, lokaci kawai take saya maka ka canza wadda ta mutu kafin 'yar'uwarta ta bi ta. Daga sa'ar da fitilar REDF, mai nuna tagwaitar ta ɓace, ta kama, injinka da CPU ɗaya yake tafiya, tamkar ba a taɓa tagwaita shi ba. Mu ɗauka don misali CPU tana shekara 10 kafin ta ba da matsala, wato awa 87,600. In akwai safaya a sito aka canza cikin awa 8, yiwuwar ta biyun ta faɗi a wannan tsakani kusan 1 ne cikin 11,000. In kuwa sai an yi oda an jira wata 4, ya koma 1 cikin 30. Kuma wannan 30 ɗin ma an sassauta, domin rana ɗaya aka ɗaura su biyun, zafi ɗaya suka sha, wuta ɗaya suke ci.

Injiniya Hadiza (Apapa): Haka ne. Sai dai Auwalu, abin da aka fi mantawa a S7-400H ba CPU ba ce, katin daidaitawa ne, ɗan ƙaramin nan da ake cusawa a gaban CPU a jona masa wayar faiba. Kowace CPU tana ɗaukar biyu, huɗu ke nan, da faiba biyu a tsakani. Akwai na gajeren zango mai kai mita 10, akwai na dogon zango mai kai kilomita 10, kuma duk huɗun dole su zama iri ɗaya. Na tsofaffin 414-4H da 417-4H, masu 1AA04 a lambarsu, ba sa shiga sababbin 5H masu amfani da 1AA06. Mai sito yana ganin sunan iri ɗaya sai ya ɗauka kaya ɗaya ne.

Mafi ƙarancin abin da zan sa wa tagwaye ɗaya: CPU guda, katin daidaitawa biyu, faiba biyu, fawa PS 407 ko PS 405 guda gwargwadon wanda ke kan rak, katin sadarwa CP 443-1 guda, IM 153-2 (katin da ke jona tashar katunan shiga da fita da CPU) biyu, katin ƙwaƙwalwa guda mai girma da nau'i daidai da na ciki, sai batir da fulogin PROFIBUS, wato wayar sadarwar da ke tsakanin CPU da tashoshinta. Fulogi ka saya da yawa, ba shi da tsada, kuma shi ya fi kowa jawo tsayawa.

Auwalu (Ikorodu): Anti Hadiza, me ya sa katin daidaitawa biyu? Ai ɗaya ne zai lalace.

Injiniya Hadiza (Apapa): Saboda in fitilar IFM1F ta kama, hanyar ce ta yanke, fitilar ba ta faɗa maka ko katin wannan gefe ne, ko na can, ko faibar kanta. Da tsakar dare ba wanda zai tsaya bincike, canzawa ake yi ɗaya bayan ɗaya, a fara da waya. Wani abu kuma da ya fi wannan haɗari: in faiba ɗaya ta yanke, mai aiki tana ci gaba ita kaɗai, ta ko-ta-kwana ta janye. In su biyun suka yanke lokaci guda, kowace CPU za ta ɗauka ita ce shugaba, su biyun su ci gaba da gudu. Shi ya sa ba a bin da faiba biyun ta bututu ɗaya ko a ɗaure su da igiya ɗaya. Ɓera ɗaya ya isa. In hakan ta faru, a kashe rak ɗaya tukuna kafin a taɓa komai.

Malam Sule (Ilupeju): Ku bar ni in shigo nan, don ba a wajen saye gizo ke saƙa ba. Manhajar cikin CPU ita ce matsalar. Tagwaye ba sa haɗuwa sai lambar oda ɗaya, sigar manhajar ciki ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya. CPU sabuwa fil a kwali, in sigarta ta bambanta da wadda ke gudu, za ka sa ta, ta tashi lafiya, ta yi ƙoƙarin jonuwa, ta koma STOP. Safayar da ba a buɗe an daidaita ta ba, a lissafina babu ita.

Ga yadda canjin CPU yake a S7-400H, don wanda zai rubuta wa ma'aikatan dare. Ka tabbatar wace ce mai aiki, fitilar MSTR za ta nuna, kada ka dogara da abin da aka gaya maka. Ka kashe fawar rak ɗin da ya lalace kaɗai. Ka zare CPU, ka juya bayanta: akwai ɗan makunni da ake turawa sama ko ƙasa, shi ke faɗa mata ko rak 0 ce ko rak 1. Sabuwar ka saita ta daidai da wadda ka cire, kafin ta shiga, don in ta shiga hannu ba ya kaiwa. Ka mayar da katunan daidaitawa da katin ƙwaƙwalwa, faibar sama ta tafi sama, ta ƙasa ta tafi ƙasa. Sannan ka kunna. A nan ake yawan kuskure: CPU ɗin H tana gwajin kanta bayan kunnawa, yana iya cin minti 10 ko fiye. Mai gaggawa sai ya ɗauka safayar ma matacciya ce, ya kashe ya sake kunnawa, gwajin ya koma farko. A bar ta ta gama, a sa ta RUN, ta kwafi bayanai daga 'yar'uwarta, REDF ta mutu. Sai a lokacin aiki ya ƙare.

Injiniya Nura (Lekki): Ɓangaren Rockwell ma haka, har ya fi tsanani. Rak biyun dole su zama girma ɗaya, kati iri ɗaya a gurbi ɗaya, kuma manhajar kowane kati ta fito daga ƙunshi guda da kamfanin ya gwada ya fitar don tagwaye. Ba kowace siga ake sawa ba. Katin tagwaitawa 1756-RM2 ba ya haɗuwa da tsohon 1756-RM, balle 1757-SRM. Don haka mai tsohon RM da ya samo RM2 guda ɗaya bai samu komai ba, biyu zai canza, da duba ko ƙunshin manhajarsa ya yarda da su. Ga kuma tarkon katin sadarwa 1756-EN2T: na jerin D daga siga 10 yake farawa, ba ya saukowa ƙasa, alhali tsofaffin ƙunshi na jerin C ne da siga 5. Lambar kaya ɗaya, harafi ɗaya ya bambanta. A takardar oda a rubuta harafin jeri, kada a bar wa mai kawo kaya ya zaɓa.

Sannan a duba adireshin IP. Mai aiki yana riƙe da adireshi, na ko-ta-kwana yana riƙe da na gaba da shi, suna musanyawa lokacin sauyi. In wani ya ba firinta ko kwamfuta wannan adireshi na gaba, allon katin zai tsaya a DISQ (bai cancanci karɓar aiki ba), ba zai kai SYNC (ya daidaita da ɗan'uwansa) ba, a yi ta zargin katin banza.

Alhaji Mudi (Apapa): Injiniyoyi, ranku ya daɗe, ni daga ɓangaren saye da shigo da kaya nake magana. Jerin da Hajiya Hadiza ta kawo kuɗi ne masu nauyi, da dala ko yuro ake biya. Naira tana wajen 460 a dala kafin Yunin 2023, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ajiye safaya kafin nan ya ci riba ko bai taɓa buɗe kwalin ba. Amma ku san oda ba danna waya ba ce. Akwai takardar Form M a banki, akwai SONCAP ta shaidar ingancin kaya, akwai takardar PAAR ta kwastan. Ko ta jirgin sama aka turo zuwa Ikeja, in takarda ɗaya ta sami tangarɗa kaya suna zaune. Batirin lithium kuma dokar jiragen sama ta sa shi cikin kaya masu haɗari, kada a haɗa shi kwali ɗaya da CPU ya riƙe muku duka. Shawarata a fara takardu tun ana lafiya.

Tambayata gare ku: kayan tokumbo fa? Ana samunsu a Alaba da wajen dillalan intanet, wani lokaci a kashi ɗaya cikin uku na farashi.

Malam Sule (Ilupeju): Alhaji, kayan da aka daina ƙerawa ba ka da zaɓi. PLC-5 tun 2017 Rockwell ta daina yin sa, mai shi tokumbo zai saya ko ya sauya tsarin gaba ɗaya. Sharaɗina uku. A nemi hoton lambar jikin katin kansa, ba na kwali ba. A buɗe a duba allon da haske: kafasita mai kumburin kai, koren tsatsa a ƙafafun da ke shiga rak, alamar an taɓa yin dalma. Sannan a ɗora shi a rak ɗin gwaji ya yi aƙalla kwana uku yana gudu kafin a biya sauran kuɗi. Matsalar zafi ba ta fitowa a minti biyar a kan teburin mai shago.

Injiniya Nura (Lekki): Na yarda, ban da tsarin kariya. Duk abin da ke kashe tukunyar tururi ko rufe bawul ɗin gas lokacin haɗari, irin Triconex ko S7-400FH, ba na amincewa da katin da ba a san tarihinsa ba. Kwana uku na gwaji yana nuna kati yana aiki, ba ya nuna zai kashe a ranar da ake buƙatar ya kashe.

Injiniya Rabi'u (Ikeja): Ni ina da ja kan tara tsofaffin kaya ba iyaka. Siemens ta sanar da fara janye S7-300 da ET 200M a Oktoban 2023, daga Oktoban 2025 kuma sai a matsayin kayan gyara. ET 200M kuwa, wato tashar katunan shiga da fita, shi ne hannu da ƙafar yawancin S7-400H da ke Ikeja da Apapa. Safaya gada ce zuwa ranar sauya tsari, a rubuta ranar. Kamfanin da ya zuba kuɗi a sito shekara bayan shekara ba tare da shirin ƙaura ba, wata rana zai tarar kayan suna nan, wanda ya iya STEP 7, manhajar rubuta musu shiri, ya yi ritaya.

Injiniya Hadiza (Apapa): Injiniya, ƙaura tana buƙatar tsayar da layi makonni, da sake gwada kowace waya. Masana'antar fulawa ko ta lemo da ke aiki dare da rana ba ta da wannan sararin sai a babban gyaran shekara. Tsakanin yanke shawara da aiwatarwa shekara biyu zuwa uku ne cikin sauƙi, kuma a waɗannan shekarun ne kayan suka fi tsufa. Ga hanyar da ke haɗa maganarmu: a yi ƙaura layi-layi. Katunan da aka cire daga layin farko, waɗanda an san tarihinsu kuma sigarsu ta dace, su zama safayar sauran. A cire su da hannun injiniya, a sa a leda, kada a bar wa masu kwance fanel su jefa a buhu.

Injiniya Rabi'u (Ikeja): Wannan na karɓa, in dai ranar tana kan takarda da sa hannun manaja.

Auwalu (Ikorodu): Katunan shiga da fita fa? Su suna da yawa, ba za a ce ɗaya-ɗaya ba.

Injiniya Rabi'u (Ikeja): Ka ƙirga nawa ne iri ɗaya a masana'antar duka, ka duba littafin gyara nawa ke mutuwa a shekara, ka ninka da tsawon jiran oda. Misali kana da 40, biyu ke mutuwa a shekara, oda tana cin wata 6. A tsakanin oda da isowa ana sa ran ɗaya zai mutu. Amma ajiye ɗaya bai isa ba, domin lalacewa ba ta bin layi. Da lissafin yiwuwa na Poisson, guda ɗaya yana rufe maka kusan kashi 74 cikin 100, biyu kashi 92, uku kashi 98. Uku nake sawa, kuma ranar da aka ɗauki ɗaya ranar ake rubuta odar madadinsa. Katunan analog da ke karɓar waya daga waje, kamar tankunan da ke fili, ka ƙara musu ɗaya. Tsawar damina daga Afrilu zuwa Oktoba ba ta ɗaukar kati ɗaya, jere take kwashewa.

Malam Sule (Ilupeju): To an saya, a ina za a ajiye? Wannan ita ce tambayar Legas. Danshin iska a nan yana haura kashi 80 cikin 100 a yawancin safiya, Apapa da Tin Can da Lekki ga gishirin teku. Kwali yana shan ruwa ya riƙe. Katin da ya yi shekara uku a kan kanta a sito ɗaya da man giris da fenti, in ka zare shi ka kalli ƙafafunsa za ka ga zinariyar ta dushe, gefen ya yi kore-kore. Kusa da magudanar ruwan datti kuma akwai iskar sulfur mai cin tagulla da azurfa.

Abin da ya dace: kabad na ƙarfe mai rufewa, a ɗaki mai AC da ba a kashewa da dare. AC da ake kashewa a kunna ya fi rashinsa illa, don ƙarfe mai sanyi in iska mai ɗumi ta shigo raɓa take sauka a kansa. Kowane kati cikin ledarsa mai hana tartsatsin lantarki, da ƙullin silika a ciki. A sayi mai canza launi: shuɗi yana komawa ruwan hoda in ya ƙoshi, a gasa shi a wajen digiri 120 ya dawo. A rataye ma'aunin danshi a cikin kabad, a riƙe shi ƙasa da 60. Murfin robar bakin faiba kada a cire sai lokacin jonawa, ƙurar hunturu ƙwaya ɗaya a kan gilashin tana rage haske.

Na biyu, kafasita. Fawa da inbata suna da kafasitar da ke lalacewa in ta daɗe ba wuta, fatar da ke cikinta tana sirancewa. Ka ɗauko fawar da ta yi shekara huɗu a kwance ka ba ta cikakkiyar wuta, tana iya fashewa nan take. Sau ɗaya a shekara a kunna kowace fawa ta yi awa ɗaya ko biyu. Inbata da ta wuce shekara biyu a kwance, a ɗaga mata wuta a hankali bisa littafin mai ƙera ta.

Injiniya Nura (Lekki): Ƙari a kan fawa. Yawancin faɗuwar tagwaye lokaci guda daga wuta ne, ba daga CPU ba. Rak biyu a kan UPS ɗaya, ko fis ɗaya, sunan tagwaye kawai suke da shi. A nan da ake sauyi tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa, kowane rak ya sami hanyarsa. A ɓangaren 24V, fawa biyu ana haɗa su ta modul mai diyod, irin SITOP PSE202U ko QUINT DIODE. Kowace fawa dole ta iya ɗaukar nauyin duka ita kaɗai. A auna da mita: in jimillar nauyi amfiya 26 ne a kan fawa biyu masu 20, ranar da ɗaya ta mutu ɗayar za ta bi ta. Shi kansa modul ɗin diyod a ajiye guda, don in ya ƙone a haɗe ba abin da zai nuna, sai ranar da gefe ɗaya ya yi shot ya ja ɗayan.

Injiniya Hadiza (Apapa): Wannan ya kawo mu kan ƙararrawa. Akwai tagwayen da ke tafiya da ƙafa ɗaya wata da watanni ba wanda ya sani, saboda fitilar tana bayan ƙofar fanel a rufe. A S7 akwai sassan shiri da ake kira OB: OB 72 yana kamawa in tagwaitar CPU ta ɓace, OB 70 in ta ɓangaren PROFIBUS ce. A ɗauko su a kai allon mai lura da inji da ƙararrawar da ba ta gogewa sai an gyara. Haka lambar DC OK ta kowace fawa, da fitilar batir. A duba kuma OB 82, 83, 85, 86 da 122 suna cikin shirin. In babu OB 86, tashar ET 200M ɗaya ta ɓace, CPU tana tafiya STOP, safayarka ba ta hana wannan ba.

Alhaji Mudi (Apapa): Manajoji suna tsoron gwajin sauyi. Sukan ce abin da ke tafiya lafiya a bar shi.

Malam Sule (Ilupeju): Tsoronsu yana da tushe, shi ya sa ake zaɓar lokaci. A yi shi a ranar gyaran da aka tsara, layi ba kaya, kowa yana wurin, an ɗauki kwafin shiri tukuna. A tsayar da mai aiki, a ga ta ko-ta-kwana ta karɓa, allon lura bai yanke ba, inbata ba ta faɗi ba. A wannan ranar ce kuma ake sa safaya cikin rak ta jonu da gaske, wadda aka cire ta koma kabad. Sau ɗaya a shekara ya wadatar. Wasu suna cewa yawan zarewa yana gajiyar da ƙafafun rak, gaskiya ne in ana yi kowane wata.

Auwalu (Ikorodu): Baba Sule, batir fa? Wasu suna sa na shago.

Malam Sule (Ilupeju): Girman AA ne amma 3.6V ne na lithium, na shago 1.5V ne, ba ya riƙe komai. A canza shi wuta tana kunne, in katin RAM ne a ciki kuma aka zare batir babu wuta, shirin ya tafi. A rubuta ranar saye a jikinsa, kada a tara na shekaru da yawa. ControlLogix L6 ma batir gare shi, L7 kuwa modul ɗin ajiyar wuta yake amfani da shi.

Injiniya Nura (Lekki): Auwalu, ka ƙara waɗannan a jerinka, ba kati ba ne amma in babu su kati ba ya shiga. Laftof mai STEP 7 ko RSLogix na sigar da ta dace, tare da lasisinta, da kwafin faifanta gaba ɗaya, tunda Windows XP tun 2014 aka daina tallafa masa, Windows 7 kuma 2020. Wayar jona laftof da CPU, biyu. Fayilolin manhajar ciki na kowane kati a sauke su yanzu a ajiye wuri biyu. Kwafin shiri a kwatanta shi da wanda ke cikin CPU duk bayan gyara, don na laftof yakan tsufa ba a sani ba. A jikin kowace leda a manna takarda: lambar oda, harafin jeri, sigar manhaja, fanel ɗin da ta dace da shi, ranar gwaji na ƙarshe da sunan wanda ya gwada. Makullin kabad kuma ya kasance a hannun shugaban aikin dare, ba a aljihun mai sito da ya tashi ƙarfe biyar ya kama hanyar Agege ba.

Auwalu (Ikorodu): Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura IM 153-2, akwai abin saitawa kafin a sa?

Injiniya Hadiza (Apapa): Akwai. Adireshin PROFIBUS a ƙananan makunnan da ke gabansa, a saita daidai da na ɗan'uwansa kafin ya sami wuta, don lokacin tashi yake karantawa. Ka duba lambar odarsa ta dace da na gefensa a teburin dacewa na Siemens, ka kuma tabbatar tashar tana kan bayan rak mai ba da damar zarewa ana aiki, in ba haka ba zare kati ɗaya zai yanke duk na bayansa. In fulogin na ƙarshen layi ne, makunnin juriyarsa ya koma ON.